Ka Bi Shuɗi, Tsohon Tela

Zuwa ga angona da ya tsufa a idon kowa ban da idona. Inuwata ta tsakar rana, ruwan sanyina bayan doguwar tafiya, allurar da ta ɗinke ni tun ina ɗanyen yadi. Sarkin masu taurin kai, mai munsharin da ya fi mini kiɗa daɗi, Tsohon Telana.

Ina gaishe ka gaisuwa mai yawan ganyen kurmi, mai sanyin raɓar fadama da safe. Ina gaishe da gwiwarka ta hagu, ina gaishe da ta dama, ina gaishe da furfurar nan da kake cewa wai hasken fitila ne ya sauka a kanka. Yaya zaman kurkuku a gidan ɗanmu? Kurkuku mana! To me ake kiran ɗakin da aka shimfiɗa wa mutum katifa mai laushi, aka kuma ɓoye masa takalma? Ka yi haƙuri da rubutun, ka san inda karatuna ya tsaya; in ka ga harafi ya karkace, gwiwata ce ta soka a daidai wurin. Na zaɓi takarda ne saboda duk sanda na kira ka, surukarmu ce ke riƙe maka wayar, ta buɗe murya kowa na ji, ni kuwa ba zan yi zancen soyayya jikoki na ƙyalƙyala dariya a gefe ba. Shi ya sa na cusa ta a aljihun rigar nan da na goge na aiko maka.

Kai, gidan nan ya yi mini faɗi! Keken ɗinkinka na nan a kusurwa, na lulluɓe shi da zane kamar mara lafiya. Da safe sai in zuba shayi kofi biyu, sai na ajiye sannan in tuna, in shanye duka don haushi. Kujerarka ta bakin taga har yanzu tana riƙe da ramin zamanka, ta ƙi sakinsa, ni ma na ƙi bubbuga ta. Wa zan yi wa faɗa? Wa zai ce shayi ya yi zaƙi da yawa, ya kuma miƙo kofi a ƙara masa? Na zama kamar balbelar da garke ya tafi ya bari a tsakiyar fili, fara fat, tana ɗaga ƙafa tana saukewa, ba saniyar da za ta bi.

Duk a kan me? A kan yini ɗaya! Ranar da na tafi na zauna da Auta da ta haihu, ka ɗauki sandarka ka nufi gandun daji kai kaɗai, kamar yadda muka saba yi tare duk Asabar tun da ka ajiye ɗinki, kafin damina ta tsayar da mu. Ba ka san ruwan bana ya cinye tsohuwar gadar katako ba, ba ka san sun fitar da sababbin hanyoyi ba. Da, kowane turke da hoton da aka sassaƙa a jikinsa: agwagwa ga hanya mai sauƙi, barewa ga doguwar hanya mai hawa da gangara da taɓo. Sai wani mai dabara ya zo ya ce hotuna sun tsufa, aka cire su, aka shafa fenti, aka rubuta a bakin ƙofa cewa kore na masu lallaɓawa ne, ja na masu ƙarfi. Ka karanta, ka gyaɗa kai, ka iso mararraba, ka dubi wannan turke ka dubi wancan, ka bi ja da ƙarfin zuciyarka. Masu gadin daji ne suka tsamo ka da yamma, taɓo har cinya, takalmi ɗaya ya tafi hidimar kwaɗi, kana ta yi musu faɗa wai hanyarsu ce ta ɓata, ba kai ba. Da yara suka tambaye ka, sai ka nuna jan turke da sanda ka ce ai ga shi nan, kore ka bi.

Shi ke nan fa. Babban ɗanmu, mai ofis da tabarau, ya dubi ƙannensa, suka dubi ƙasa, aka yanke hukunci ba tare da an ɗaga murya ba: wai Baba ya fara rikicewa. Rikicewa! Kai da kake riƙe da awon kafaɗar mutanen da suka daɗe a kabari? Kai da har yau ba ka manta ranar da na ƙona maka riga da dutsen guga ba, kake tayar mini da ita duk sanda ka rasa abin faɗa? Ina ma ka rikice ɗin, da na huta da wannan zancen!

Ni kaɗai na san gaskiya, ya tauraron gidana, kuma ka san na sani. Idonka bai taɓa raba ja da kore ba tun da aka haife ka. Ka tuna yadda na gane? Muna sababbin aure, wani mai shagon littattafai ya kawo koren yadi, ka zauna ka yi masa aiki da jan zare tun daga wuya har ƙasa, kana fito, kana jin daɗin kanka. Da mutumin ya zo ya buɗe baki zai yi ihu, sai ka ga fuskata, ka gane, ka gyara tsayuwa ka ce masa sabon yayi ne, shi ne mutum na farko da ka yi wa. Wallahi sai da rabin unguwa suka zo neman irinta! Da ya fita ka rufe ƙofar shago, ka ce in rantse ba zan taɓa faɗa wa kowa ba, don telan da bai san launi ba ya gama cin abinci da allura. Na rantse. Tun daga ranar, kafin ka buɗe shago nake jera maka zare: ja a dama, kore a hagu. In an kawo yadi kana jujjuya shi kamar mai nazari, ni kuma daga bayan labule in yi tari in ja ne, in yi gyaran murya in kore ne. Har maƙwabta suka riƙa aiko mini da maganin ƙirji! Tumatirin da kake sayowa ɗanye shar, ka ce wai ya fi lafiya, wa ya rufa maka asiri a kansa? Ni ce idonka, kai ne ƙafata, muka kai yara makaranta da haka, har suka yi tabarau suna duban mu ta samansa.

Kuma na san abin da ya sa duk zanen da ka taɓa saya mini shuɗi ne, har unguwa ta manta sunana ta koma ce mini Mai Shuɗi. Ka tuna zuwanmu na farko fadamar gandun nan, tun tana da 'yar gada mai rawa? Ina ɗauke da cikin fari, kana riƙe da hannuna kamar wanda aka ba ajiyar ƙwai. Furannin bado sun buɗe a kan ruwa farare tas, zalɓe na tsaye da ƙafa ɗaya kamar ana binsa gaisuwa, agwagin ruwa na jan 'ya'yansu a layi. Muka tsaya a tsakiyar gada, ka leƙa ruwan, sama ta kwanta a cikinsa. Ka ce da ni ganye na yi maka ƙarya, fure na yi maka ƙarya, amma shuɗi bai taɓa yi maka ƙarya ba, shi ya sa kake naɗe ni da shi, don ka hango ni ko a cikin taron kasuwa. Ni kuma na ce maka ashe ba so ba ne, alama ce aka yi mini kamar akuya. Ka yi dariya har gadar ta girgiza. Kai, Tela! Wace mace ce za ta ji wannan magana ta yarda a raba ta da mai faɗinta?

Don raba mu za a yi, in ba a gaya maka ba. Na je gidan nan da kake tsare, ranar da aka ce kana barci, na tarar an gama shiri. Kai ka zauna wurin babban, inda akwai mai gadi da ƙofar ƙarfe. Ni in koma wurin Auta in riƙa jijjiga jariri. A rufe gidanmu. An raba mu kamar kwanukan gado, wannan ya ɗauki murfi, wancan ya ɗauki gindi! Na san so ne ya sa su, ban ce ba su da kirki ba. Amma son da zai sa in riƙa neman izini kafin in ji munsharinka, a kai shi kasuwa.

Na zauna a kan kujerar nan tasu mai haɗiye mutum, na ce ban yarda ba. Ɗanka ya cire tabarau ya ce, “Mama, don Allah ki fahimta, mutum ya nuna ja ya ce kore ne.” Na ce masa, “Kai ma ka taɓa nuna wata a sama ka ce a ciro maka ka ci, mun kai ka asibiti?” Surukarmu ta toshe baki da gyale. Ya ce ba wasa yake ba, gobe Baba zai iya fita ya rasa hanyar gida. Na ce to a gwada shi mana, ai ba a ɗaure mutum kan zato. Muka yi ta ja, har ya gaji ya ce ya ji: ranar Asabar a kwashi kowa a tafi gandun, Baba ya shige gaba, ya kai mu ta hanya mai sauƙi tun daga ƙofa har mafita, ba mai nuna masa komai. In ya kai, ya koma gidansa. In ya kauce ko sau ɗaya, magana ta ƙare. Sannan ya nuna ni da tabarau ya ce, “Ke kuma Mama ba za ki matso kusa da shi ba, na san ki da tarin nan naki.” Ka ji ɗan banza! Ashe yana lura. Naka ne, ba shakka.

Yanzu tsakanina da kai, ya zumar tsufana: me ya rage na ɓoyewa? Shagon ya rufe, masu kawo ɗinki sun tafi inda ba a sa riga. Kalma ɗaya daga bakinka ta isa ta buɗe ƙofar ƙarfen nan. Amma na san ka. Ka gwammace a ce kanka ya taɓu da a ce telan da aka yi ta yabo bai taɓa ganin launin aikinsa ba. To zauna da girman kanka, ni ba zan karya rantsuwata ba. Sai dai ka sani, bakina ne ya rantse, hannuna bai rantse ba!

Ka tuna zanen da ka fara saya mini, shuɗin nan mai duhu da na hana kowa taɓawa, wanda na ce a lulluɓe ni da shi in na tsufa sosai? Na ciro shi daga ƙasan akwati. Na ɗauko babban almakashinka, wanda ka hana ni yanka ko zare da shi. Na shinshina zanen, na ɗan yi abin da ba zan faɗa maka ba don kada kanka ya kumbura, sannan na tsaga shi siri-siri. Na zuba a jaka, na hau mota, na tafi gandun ni kaɗai da gwiwar nan tawa mai tsegumi. Duk turken da ke da koren fenti, na durƙusa na ɗaura masa shuɗi a ƙasa, daidai inda idon tela ke sauka in yana duba gefen wando.

Ina cikin ɗaurawa sai ga wani mai gadin daji, ƙato, da gashin baki kamar tsintsiya. Ya ce, “Iya, lafiya? Ba a ɗaura komai a nan, doka ce.” Na ce, “Ɗana, sannu da doka. Da kuka cire agwagwa kuka shafa fenti, kun tambayi kowa ko idonsa irin naku ne?” Ya dubi tsumman, ya dubi fentin, ya dube ni. Ya ce, “Ke ce matar tsohon nan da muka ciro daga taɓo yana zaginmu?” Na ce ni ce, kuma ba zagi ba ne, haka muryarsa take. Ya shafa gashin baki ya ce shi dai idonsa na ciwo a makon nan, ba zai ga komai ba sai Litinin. Har da riƙe mini jaka a kan gada! Kada ka harare ni, ban faɗa masa komai ba. Shi ya haɗa da kansa.

To buɗe kunnenka, ga hanyarka. Daga ƙofa, kada ka tsaya karanta allo kamar baƙo, ka wuce kai tsaye kana kaɗa sanda. A mararrabar farko, inda ta yaudare ka wancan karon, ka sunkuyar da kai kamar mai gyara takalmi, za ka ga shuɗi yana ɗaga maka hannu. Ka bi shi. Zai hau da kai sabuwar gadar katako, mai faɗi ce, da abin riƙewa hagu da dama, ba ta rawa kamar tamu ta da. Ka taka a hankali, katakon na da santsi inda inuwa ta rufe. A nan fadama za ta buɗe maka ƙirjinta: bado na nan, kainuwa na nan, kyauro na rusunawa duk sanda iska ta wuce, kunkuru na shan rana a kan gungume kamar tsohon da ya sallami iyali. Ka tsaya ka nuna wa jikoki zalɓe, ka ce kakan wancan ne ya shaida soyayyarmu. Kada ka yi sauri! Mai sauri shi ake zargi.

Bayan gada ƙasa ce busasshiya, shimfiɗaɗɗiya kamar tebur ɗin da kake yanka yadi a kai, ba hawa ba gangara. Akwai benci a gindin wata babbar itaciya mai kogo; ka zauna, ka ce yara ne suka gaji. Daga nan sai kurmi. Wayyo, kurmin nan! Inuwa ta haɗe sama kamar rumfa, haske na sauka ɗigo-ɗigo, ganye na ƙara a ƙarƙashin ƙafa kamar sabon yadi, tsuntsaye na gulmar duk wanda ya wuce. Na tsaya a ciki ni kaɗai na ji kamar in kira ka da ƙarfi. Akwai wata ƙaramar hanya da ke saɓawa wajen rafi, tana da kyau kamar budurwa, kada ka kula ta, ja ce. Kai dai shuɗi, shuɗi, shuɗi, yadda ka yi ta bi tun kana da gashi.

Sai dai ga inda matsalar take, ya sanyin idona. Zanen ya ƙare. Da na san haka, da na tsaga shi ya fi haka siranta, ko da ka zaɓi matar da ta fi ni jiki ka sayi yadi mai yawa! Can ƙarshen kurmi akwai mararraba ta ƙarshe, ɗaya ta fita wajen mafita, ɗaya ta koma cikin taɓon da ya cinye takalminka, kuma bakinsu iri ɗaya ne sak, ni kaina sai da na duba fenti. Na laluba jaka, ko zare babu. Na tsaya ina duban turken nan tsirara, na ce yau ni za a kayar a bakin ƙofa?

Ba a haifi mai kayar da ni ba! Ga abin da na shirya. Tunda ɗanka ya ce kada in matso kusa da kai, to zan yi masa biyayya fiye da yadda ya nema. Da mun isa zan kama gwiwa in yi nishi, in ce ba zan iya tafiyar ba, a sauke ni ta wajen mafita in jira ku. Daga can zan lallaɓa in shigo ta baya, in zauna a kan bencin da ke cikin hanyar gaskiya, inda za ka hango ni daga mararraba ta tsakanin itatuwa. Zan sa shuɗi tun daga ɗankwali har takalmi. Ba zan yi tari ba, ba zan yi gyaran murya ba, ba zan ko ɗaga kai ba; gyaɗa zan riƙa ɓarewa kamar wadda ba ta san ka ba. Turke na ƙarshe ni ce, Tela. Wace doka ce ta hana tsohuwa zama a benci da kayanta?

In kuwa ka ce ba za ka tashi ba, in kunya ta danne ka a katifar nan, to ka ji da kyau: zan ɗaure kayana, in ɗora keken ɗinkinka a mota, in zo in baje a tsakiyar falon ɗanka, in riƙa tari da gyaran murya har su roƙe mu mu tafi. Ko ta gada ko ta taɓo, ba mai raba murfi da gindin kwanon nan muddin ina numfashi. Su kira ka rikitacce, su kira ni fitinanniya, ko a jikina! Na riƙe asirinka tun haƙorana na cike, zan riƙe shi har ranar da babu ko ɗaya, in kuma ka ga dama wata rana ka faɗa musu da bakinka, zan zauna a gefenka in yi musu dariya.

Ka tambayi surukarmu takalmanka tun daren Juma'a, suna bayan firiji, na gani. Ka sa safa mai kauri. Ka aske gemun nan, ba na son in tarbi ango kamar bushiya.

Na bar kujerarka yadda take, na kuma wanke kofi na biyu. Ka zo ka same ni a inda ka saba samuna, ya wanda ya yi mini alama don kada in ɓace masa. Fadama za ta ƙafe ta sake cika, kurmi zai zubar da ganye ya sake tohowa, fenti zai koɗe a jikin turaku, amma ni launina ba ya zuba.

Taka jiya, taka ranar Asabar, taka har ƙarshen hanya,

Mai Shuɗi